Sikila, gwajin aure da gyaran ƙwayar halitta: cutar ake son kawarwa ko masu ita?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau da rigima na zo, a yi mini haƙuri. Tun watan Mayun 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta ce ba a ɗaura aure sai da takardar gwajin lafiya, ciki har da jinotayif, wato nau'in jinin da mutum ya gada. Na yi murna, amma a ganina an tsaya a rabin hanya. Jarirai wajen 150,000 ake haifa da sikila duk shekara a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Lissafin kuma ba ɓoyayye ba ne: AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai ciwon. Wanda ya ga sakamako da idonsa ya ce shi dai sai ita, bai zalunci yaron da za a haifa ba? Ni na ce a haramta auren kawai, limamin da ya ɗaura a hukunta shi. Majalisar dokokin Anambra tun 2019 ta yi irin wannan doka. Mai ja ya ja.

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Ni dai ba zan ja ba. Ɗana na biyu SS ne. Wanda bai taɓa kwana zaune da yaro yana ihu yana cewa a sare masa ƙafa ya huta ba, ya yi a hankali da bakinsa a wannan magana. Amma ka sani takarda ba komai ba ce. Mu mun yi gwajin kafin aure, wani ɗakin gwaji ya rubuta wa maigidana AA, wato ba ya ɗauke da ƙwayar sikila. Sai da yaron ya kai wata shida, hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, aka sake gwada mu, ashe AS ne. Kafin a kama liman a fara kama masu ba da takardar ƙarya.

Ummi Ta Gwale:
Yaya Ɗan Fagge, ga yaron da kake magana a kansa ya zo. Ni SS ce, na wuce shekara talatin, ina koyarwa, ina ciyar da mahaifiyata. Ciwon gaskiya ne, ba zan yi masa kwalliya ba. Ƙuguna na hagu ya lalace, da ɗingishi nake tafiya, sanyin hunturu kuma tsoronsa nake tun kafin ya iso.

Amma ka ce an zalunce ni da aka haife ni? Zalunci shi ne a ƙwace maka abin da yake naka. Me aka ƙwace mini? Da Baba bai auri Inna ba, ba Ummi mai lafiya za a haifa ba. Ba za a haifi Ummi ba ne sam. Babu wata Ummi AA da ke jiran layi aka ture ta aka sa ni. Abin da aka ba ni shi ne wannan rayuwar da ciwonta, ɗaya zaɓin kuwa babu ni. Idan za ka kai iyayena ƙara a madadina, ka fara tambayata ko na ba ka wakilci.

Ɗan Fagge:
Subhanallahi, ƙanwata, wallahi ba nufina ba ke nan. Cutar nake ƙi, ba ke ba.

Ummi Ta Gwale:
Na sani Yaya. Amma hanyar da ka kawo ba ta raba ni da cutar. Hana zuwan irina take yi. Ba na cewa laifi ne, ni kaina duk ƙanwar da ta tambaye ni ina ce mata ta yi gwaji tun kafin so ya yi nisa. Cewa nake a kira abin da sunansa.

Na Samaru:
Malama Ummi ta taɓo wurin da ya fi wuya. Abu biyu muke haɗawa a baki ɗaya. Warkar da mutumin da yake raye daban, zaɓen wanda zai zo duniya daban. Dashen ɓargo, irin wanda aka fara yi wa mai sikila a Najeriya a asibitin koyarwa na jami'ar Benin a 2011, na farko ne: ga mara lafiya, aka yi masa magani, shi ɗin ne dai ya tashi. Gwajin aure na biyu ne, ba wanda ya warke, an dai sauya waɗanda za a haifa.

Sai dai ba zan bar Ɗan Fagge ya faɗi ƙasa warwas ba. Malama, in kina shan haidroksiyuriya, maganin da ke rage tashin ciwon sikila, kin san likitoci kan ce mace ta dakatar da shi kafin ta nemi ciki don kada ya taɓa jariri. A ce wata ta ƙi jira. Jaririn da za ta samu yanzu ba shi ne wanda za ta samu bayan watanni ba, wani ƙwan ne daban. Da hujjarki, ba ta zalunci kowa ba, tunda da ta jira ba shi za a haifa ba. Amma duk cikinmu wa zai ce ta kyauta? Ke nan akwai laifin da ba sai an nuna wanda aka yi wa ba. Mutum zai iya zama mai sakaci ko da wanda ya zo ta sanadin sakacin yana godiya da zuwansa.

Ummi Ta Gwale:
Na yarda da rabi. Waccan wata uku aka ce ta jira. Su kuwa AS biyu ce musu ake su rabu har abada. Nauyin ba ɗaya ba ne Malam.

Abu Zaid:
Bismillah. Bari in sa baki ta fuskar shari'a, don na ga wasu a gefe suna cewa gwajin ma rashin tawakkali ne. Wannan ba daidai ba ne. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da mutane. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah kake? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Don haka neman sani da kauce wa cuta suna cikin ƙaddara, kuma shugaba yana da ikon wajabta gwaji saboda maslaha.

Amma wajabta gwaji daban, haramta aure daban. Matan da aka haramta aurensu an lissafo su a Suratun Nisa'i, kuma nau'in jini ba ya cikin sharuɗɗan ingancin aure a wurin kowane malami na mazhaba. Saudiyya ta tilasta gwajin sikila kafin aure tun 2004, amma idan sakamako ya nuna haɗari zaunar da su ake a yi musu bayani, in sun dage a bar su. Ni in aka zo mini shawara zan ce su haƙura, kuma zan faɗa da ƙarfi. In ce auren ɓatacce ne kuwa, wannan ba ni da hurumi.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, to ina ka'idar nan ta cewa ba cuta ba cutarwa?

Abu Zaid:
Tana nan. Da ita nake ba su shawarar su rabu. Amma ka lura, a kowane ciki uku cikin huɗu na yiwuwar yaro ya zo ba SS ba ne. Akwai ma'auratan da suka haifi biyar ba ko ɗaya, akwai waɗanda uku a jere duka SS. Abin da ke gabanmu zato ne mai ƙarfi, ba yaƙini ba. Kuma akwai bazawara da bazawarin da sun wuce haihuwa, akwai waɗanda suka yarda ba za su haihu ba. Su ma a hana su?

Likitar Yara:
Na daɗe ina karantawa daga wurin aiki. Ɗan Fagge, zafin da kake ji na san shi, yaran nan a hannuna suke kwanciya. Amma bari in ba ka tarihin inda irin wannan tunani ya taɓa kai masu ilimi.

Linus Pauling, wanda a 1949 ya gano cewa matsalar sikila a cikin himoglobin take, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, mutumin da ya ci kyautar Nobel har sau biyu, shi ne a 1968 ya rubuta cewa ya kamata a yi wa masu ɗauke da S, wato ƙwayar sikila, zanen alama a goshi don su gane juna kada su fara soyayya. Niyyarsa rage wahala ce, kamar taka. A shekarun 1970 aka yi ta gwada baƙaƙen fata a Amurka ba tare da bayani ba, mutane suka kasa bambance AS da SS, wasu suka rasa aiki, wasu aka tsauwala musu kuɗin inshora. Makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta ƙasar ba ta daina korar masu AS ba sai 1981. Lafiyarsu ƙalau.

Sannan wa ya ce S aibi ne zalla? A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ya sa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yake ɗauke da ita. Kakanninmu da suka rayu har suka haife mu, da yawansu ita ce ta tsare su suna yara. Kwafi ɗaya kariya, kwafi biyu cuta.

Baba Na Zango:
Ikon Allah. Ni a zamaninmu amosanin jini muke ji, wasu su ce mayu ne, wasu su ce ɗan wabi ne in yara suna ta mutuwa a ɗaki ɗaya. Matar ake saki a ce ita ce mai baƙin jini, alhali rabin abin daga mijin ne. Ko don wannan kaɗai gwajin ya yi rana.

Ɗan Maraɗi:
Likita, mun ji a rediyo wai Turawa sun samo maganin da ke warkar da ita kwata-kwata. In haka ne ai gardamar ta ƙare, kowa ya auri wadda yake so.

Likitar Yara:
Casgevy kake nufi. Ingila ta amince da shi a Nuwambar 2023, Amurka a Disamba. Shi ne magani na farko da aka amince da shi wanda aka yi da CRISPR, dabarar yanka ƙwayar gado da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka ci Nobel a kanta a 2020.

Ga yadda yake. Jariri a ciki da wani himoglobin daban yake rayuwa, wanda ba ya sa ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar na mai sikila. Bayan haihuwa jiki yana kashe shi a hankali ya kunna na manya. Maman Iman, dalilin da ya sa ɗanki bai nuna komai ba sai wajen wata shida ke nan. Abin da ake yi shi ne a ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a kai ɗakin bincike a lalata makunnin da ke kashe himoglobin na jarirai, a mayar masa. Victoria Gray, wata mata daga jihar Mississippi, ita aka fara yi wa a Amurka a 2019, kuma ta rabu da tashin ciwon da ya addabe ta.

Amma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an kashe tsohon ɓargo da kemo mai ƙarfi, irin maganin da ake yi wa masu ciwon daji, mai suna busulfan, wanda yana iya kashe haihuwa. Za a yi makonni a asibiti. Kuma kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne mutum ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Innalillahi. Wannan ai ya wuce miliyar ɗaya na sefa. An yi maganin ciwonmu, an sa masa kuɗin da ko gwamnanmu sai ya yi tunani. To don wa aka yi shi?

Maman Iman:
Ni abin da ya tsaya mini ba kuɗin ba ne ma. A ce mini ɗana zai warke amma wataƙila ba zai haihu ba, kuma yana shekara 12, ni zan sa hannu. Ta yaya zan yanke masa wannan? In na ƙi, ya girma ya ce na bar shi cikin azaba. In na yarda, ya girma ya ce na yanke masa zuri'a.

Na Samaru:
Hajiya, wannan tambayar taki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi, kuma ba sabon magani kaɗai ta shafa ba, dashen ɓargo ma haka yake.

Likita, ina da tambaya. Wanda aka yi wa Casgevy, in Allah ya ba shi haihuwa, 'ya'yansa sun tsira?

Likitar Yara:
A'a. Jininsa aka gyara, maniyyinsa ko ƙwanta yana nan da S. Kamar almajiri ne ya gyara kuskure a allonsa, littafin da ake kwafa daga ciki ba a taɓa shi ba. In ana son a taɓa littafin, sai dai a yi gyaran a kan ɗan tayi tun yana 'yan ƙwayoyi, kuma wannan gyaran zai bi jikoki da tattaɓa kunne.

An taɓa yi. A Nuwambar 2018 wani masani a ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya sauya musu ƙwayar CCR5 wai don kada ƙanjamau ya kama su. Yaran ba su da cutar, akwai hanyoyi masu sauƙi na kare su, kuma gyaran bai ma fito yadda ya nufa ba. Kotu ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019.

Ɗan Fagge:
Shi ya yi ganganci a kan abin da ba dole ba. Amma a ce dabarar ta nuna, ba kuskure, a mayar da S ya zama A tun a ɗan tayi. Ummi, wannan ai ke ɗin ce dai za a haifa, ba ciwo. Nan ma akwai magana?

Ummi Ta Gwale:
Wannan kam da an tambaye ni da hannu biyu zan karɓa. Amma ka ga ba a iya tambayata a lokacin, balle jikokina.

Abu Zaid:
Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ta zauna kan wannan a 1998. Ta halatta amfani da ilimin ƙwayoyin gado wajen rigakafi da magani matuƙar cutarwar ba ta fi amfanin ba, ta hana wasa da halittar mutum da sunan kyautata iri. Masu kawo ayar "falayugayyirunna khalƙallah", wadda ta yi magana kan sauya halittar Allah, su hana komai sun faɗaɗa ta fiye da kima, in ba haka ba ɗinke leɓen jaririn da aka haifa a tsage ma sai ya zama haramun. Mayar da abu yadda asalinsa yake magani ne.

Na Samaru:
Allah ya gafarta Malam, a nan ne nake samun matsala. Mene ne asali? Likita ta ce S kariya ce a ƙasar sauro. In an goge SS, AS fa? Zabiya fa? Kurma fa, wanda yake da harshensa na hannu da jama'arsa, wasunsu ba sa ɗaukar kansu marasa lafiya? Gajere fa? A garin da man bilicin yake ciniki haka, kana ganin in aka ce ana iya zaɓa wa jariri hasken fata ba za a yi layi ba? Iyakar da ke tsakanin magani da kwalliya ba a cikin jini aka rubuta ta ba, mutane ne suke shata ta, kuma yawanci masu kuɗi da masu iko.

Abu Zaid:
Wahalar shata iyaka ba ta nufin babu iyaka, Malam. Tsakanin la'asar da magariba akwai lokacin da ido ke ruɗewa, amma ba wanda ya ce rana da dare ɗaya ne. Ciwon da ke shanye wa yaro ɗan shekara biyar ɓarin jiki ba ya cikin wurin ruɗu.

Maman Iman:
Wata ƙawata AS da mijinta AS sun je Legas an yi musu dashen ciki, an haɗa ƙwai a waje, aka gwada, aka dasa wanda ba SS ba. Malam, wannan fa?

Abu Zaid:
Haɗa ƙwai a waje tsakanin miji da matarsa, aure yana nan, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta shi tun zamanta na Amman a 1986. Kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a bari ciki ya shiga a gwada a zubar. Majalisar Makka a 1990 ta yi rangwame kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani, amma mashhurin Malikiyya da muke bi a nan ya hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko kafin kwana arba'in ne. Dokar ƙasa ma ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa. Kuma ga Malama Ummi a cikinmu tana koyarwa, wa zai iya cewa sikila ta shiga waccan nakasar?

Ummi Ta Gwale:
Na gode Malam. Amma ka ga ƙwan da aka ajiye gefe a Legas ɗin, irina ne. Ba na zargin ƙawar Maman Iman, wataƙila ni ma haka zan yi. Sai dai abin yana yi mini wani iri, kuma ina da haƙƙin in ji hakan.

Likitar Yara:
Kina da shi. Kuma bari in faɗi abin da ke ba ni haushi a duk irin wannan muhawara. Muna ta maganar dala miliyan biyu, alhali abin da ke kashe yaran nan kafin shekara biyar ƙananan abubuwa ne. Tun 1986 bincike a Amurka ya nuna fenisilin kullum yana rage mummunan kamuwa da ƙwayar nimoniya da kashi 84 cikin ɗari a yara masu sikila. A Kumasi an fara gwada jarirai tun ranar haihuwa a 1995. A nan Kano, a asibitin Malam Aminu Kano, an yi binciken da ya nuna ana iya gano yaran da ke dab da shanyewar ɓarin jiki da na'urar duba jijiyoyin kai, a kare su da haidroksiyuriya. A ƙasashen da ake yin waɗannan, sama da kashi 90 cikin ɗari na yaran suna girma. Jininsu da na yaranmu iri ɗaya ne. Da yawa daga azabar da Ɗan Fagge yake son a hana aure saboda ita, rashin gidan sauro ne da rashin jini a ma'ajiya da ma'aikacin da ke kallon mai ciwo ya ce ɗan ƙwaya ne don ya nemi allura.

Ɗan Fagge:
Duk na ji. Amma har yanzu ina kan cewa in aka hana auren na shekara hamsin, cutar za ta ƙare, a huta.

Likitar Yara:
Ba za ta ƙare ba. AS ya auri AA, rabin 'ya'yan AS ne a lissafi. S ba ta tafi ko'ina ba, ta dai daina haɗuwa da 'yar'uwarta. Hasali ma yanzu tana raguwa kaɗan ne ta hanyar yaran SS da ke rasuwa ba su haihu ba. Ka hana haihuwarsu, wannan ragin ma ya tsaya. Ke nan jikokin jikokinka ma sai sun yi gwajin, kuma duk ranar da aka yi sakaci SS za ta dawo.

Ummi Ta Gwale:
Kuma ni mai nemana AA ne, an gwada shi a wuri biyu. In Allah ya yi, duk ɗan da zan haifa AS ne, ba ko ɗaya da zai kuɓuce. Yaya Ɗan Fagge, kai mene ne naka? Ka taɓa gwadawa kuwa, ko a kan mutane kawai kake kafa doka?

Ɗan Fagge:
AS ne. Gwajin ne ya raba ni da wadda na fara nema, har an sa rana.

Baba Na Zango:
To ka ji. Kai da kanka ka haƙura, ba ɗan sanda ba alƙali. Me ya sa kake ganin sauran mutane sai an kai su kotu?

Ɗan Fagge:
Saboda na san yadda na kusa ƙin haƙurar, Baba. Da ba don yayata ta zaunar da ni ba, da an ɗaura. Ba kowa ke da irin yayata ba.